Jakar Jinya

A dangin su Sanyi ba a taɓa zama an raba aiki ba, amma kowa ya san nasa. Yaya Babba shi ne mai magana. Duk shawarar da za a yanke a falonsa ake yanke ta, yana kan kujerar nan mai hannu da ba mai zama a kanta sai shi. Matarsa ita ce mai kuka, in abu ya faru ita take fara buɗe murya sauran su ɗauka. Auta, wadda har furfura ta fara leƙo mata ana ce mata Auta, aikinta shi ne ta zo a makare tana ƙamshin turare, ta tambayi abin da aka ce. Ita kuwa Sanyi, rabonta jaka.

Jaka ce ta yadi mai kauri, ruwan toka, wadda aka canza wa zik ya fi a ƙirga. A cikinta akwai tabarmar roba, da filas, da kofi mai ɗan baki irin na buta don mai shan ruwa a kwance, da tawul, da sabulu, da tocila. Kullum a shirye take a bayan ƙofa, ba ta jiran komai sai ƙarar waya. Don a asibitin garin, likita ya duba, nas ta yi allura ta ba da magani, sun gama nasu. Juya majinyaci, da goge masa jiki, da ba shi abinci a baki, da zubar da abin da ba a faɗa, da kwana a ƙasa kusa da ƙafar gado, duk wannan na ɗan'uwa ne. In kuwa aka ce ɗan'uwa a wannan dangi, to Sanyi ake nufi.

Sunan ma a bakin gado ta samo shi. Tana shekarar ƙarshe a makaranta, ranta na kan zama malama, kakarsu ta kwanta ciwo. Wata rana aka ce ta ɗan ba tsohuwar ruwa kafin manya su shigo. Ta tallafo mata kai, ta ba ta, ko ɗigo bai zuba ba. Tsohuwa ta lumshe ido ta ce yarinyar nan hannunta da sanyi yake, ita za ta riƙa ba ta. Kowa ya ji daɗi, har ita kanta, don wa ya ƙi yabo? Da lokacin jarrabawa ya zo, mahaifinsu ya ce jarrabawa kowace shekara ana yi, kaka kuwa guda ce. Gaskiya ya faɗa. Sai dai kakar ta daɗe a kwance fiye da zaton kowa, kuma tana cikawa wani kawu ya karye a ƙugu.

Daga nan jaka ta kama hanya. Sanyi ta yi jinyar uwa da uba, da 'ya'yan Yaya Babba tun daga ƙyanda har haɗarin babur, da marigayi mijinta direban babbar mota, wanda shi kaɗai ne ya taɓa ce mata ta je ta huta. An taɓa gwada sauya ta. Lokacin ciwon mahaifiyarsu tana da tsohon ciki, sai aka tura Auta ta karɓe ta. Ranar farko Auta ta saki filas, ruwan zafi ya fantsama, saura ƙiris ya ƙona tsohuwa. Kafin yamma an mayar da Auta gida, an kira Sanyi da cikinta. Tun daga ranar aka yanke cewa Auta ba ta da hannu, kuma ba a ƙara damunta ba.

Tsakanin jinya da jinya, gyaran kaya Sanyi take yi. Tana da keken ɗinki a ƙarƙashin matakalar wani bene mai shaguna, inda in ta miƙe da sauri sai kanta ya bugi siminti. Ba ta karɓar sabon ɗinki, don wa zai ba da yadinsa ga matar da gobe za ta iya kulle shago, sai bayan wata a gan ta? Mai gyaran waya da ke maƙwabtaka da ita har ya gaji da bayani, in an tambaye shi sai ya nuna hanyar asibiti da haɓa.

Ranar da ta shiga asibitin ba jaka, Sista, tsohuwar nas ɗin ɗakin mata, ta hango ta daga nesa ta tambaye ta yau kuma wa ta kawo musu. Sanyi ta ce kanta ta kawo. Sista ta yi dariya, sai da ta ga katin a hannunta ta daina.

Ƙari ne a mahaifa, ya daɗe yana girma tana ce masa ƙiba. Likita ya ce dole a yi aiki, ya sa rana. Ya ce ta zo da wadda za ta zauna da ita, ba a kwantar da mutum ba mai jinya. Ya ƙara da cewa bayan aikin ta yi sallama da ɗaukar nauyi, ko bokitin ruwa kada ta ɗaga, balle mutum. Yana magana yana rubutu, bai san ya sallami ma'aikaciyar dangi guda daga aiki ba.

Ba wuƙar ta ji tsoro ba. Ta ga an shiga da mutane an fito da su har abin ya daina ba ta mamaki. Abin da ya sa gabanta ya faɗi shi ne ranar da aka sa ta faɗo tsakiyar jarrabawar ƙarshe ta 'yarta. Ga shi kuma jakar ba za ta zauna ba mai ita ba. Ta san danginta. Ba mugunta gare su ba, amma in suka ga hannu mai kyau ba sa sakinsa.

'Yar guda ce, ubanta ya sa mata Lauya tun tana ƙarama saboda ba ta barin magana ta faɗi ƙasa. Tana karatun nazarin zamantakewa a jami'a, kuma malaminta ya ce in ta fita da sakamako mai kyau akwai gurbi a wata cibiyar bincike a wani gari mai nisa. Nisan ne ya fi yi wa Sanyi daɗi, ko da yake ba ta taɓa faɗa ba. Tun Lauya na rarrafe uwar ta hana ta taɓa jakar. Ko abinci ta kawo asibiti, a bakin ƙofa ake karɓa a ce ta koma, wai ɗakin da ƙwayoyin cuta.

Da yamma Lauya ta zo shago kamar yadda ta saba, ta zauna a kan buhun ƙyallaye da littafi a cinya, tana bita da ƙarfi. Ranar darasin kan iyali ne. Ta ce wasu masana suna ganin al'umma kamar jiki ce, iyali kuwa gaɓa ce a ciki: ita ke rainon yara, ta koya musu zama da mutane, ta kula da tsoho da marar lafiya, shi ya sa sauran gaɓoɓi ke samun sukunin aiki. Sanyi, da allura a baki, ta ce to in haka ne ita ce ƙugun, shi ya sa yake mata ciwo. Lauya ta yi dariya, ta ce wasu kuma sun ce wannan daɗin baki ne, in ka ji an ce iyali sun ɗauki nauyi ka leƙa ka gani, mutum ɗaya ne a ƙarƙashin kayan, kuma yawanci mace ce. Sanyi ta ce wannan ko maƙwabcinsu ne, ya san gidansu haka? Masana na ukun ne suka sa ta tsayar da keke. Su wai abin da suke kallo shi ne yadda mutanen gida ke kiran juna: a ce wa yaro mai haƙuri, ko marar kai, a yi ta faɗa har ya yarda, har ya zama abin da aka kira shi.

"In ya zama fa?" in ji Sanyi. "Akwai yadda ake cirewa?"

Lauya ta juya shafi gaba da baya, ta ce ba a kawo wannan ba, ƙila sai a digiri na biyu.

A nan uwar ta gaya mata abin da likita ya ce. Ta faɗa a gajarce, tana tsinke zare, kamar zancen wata take yi. Lauya ta rufe littafi. Ta ce gobe za ta je wurin shugaban sashe ta nemi a ɗage mata zuwa baɗi, mutane na yi, ba wani abu ba ne. Ta jero hujjoji kamar yadda ta saba, idonta na kawo ruwa. Sanyi ta bar ta ta gama.

"Ke ba za ki kwana a ƙasan asibiti ba ina da rai," ta ce. "In kika ɗage jarrabawar nan, ni ma na ɗage aikin, sai mu zauna mu kalli juna."

"Umma, to wa zai zauna da ke?"

"Dangi gare ni. Ba yanzu kika karanta min amfaninsu ba?"

Aka taru a falon Yaya Babba ranar hutu. Matarsa ta yi kukanta ta gama, aka kawo shayi. Yaya Babba ya yi gyaran murya, ya yi doguwar magana kan zumunci, da yadda yau ce ranar saka wa Sanyi. Kowa na gyaɗa kai. Sai da aka zo kan wa zai kwana a ƙasa kawunan suka tsaya. Matar Yaya tana da hawan jini, warin asibiti na tayar mata da shi. 'Ya'yansa mata suna fama da ƙananan yara, ɗaya kuma aikin banki, ba a ba da hutu. Maza ba a barinsu su kwana a ɗakin mata, dokar da a ranar ta yi musu daɗi ƙwarai. Ba wanda ya yi ƙarya a cikinsu, wannan ne abin haushin. Kowane uzuri na gaskiya ne, kamar yadda nata ya kasance na gaskiya a lokacin da ba wanda ya tambaye ta.

Ana cikin haka Auta ta shigo, ta ji labari, ta dafa ƙirji. Abin da ya fara fitowa daga bakinta shi ne, yanzu wa zai zauna da tata 'yar mai ciki, ga likitoci sun ce haihuwar tata sai an yi aiki, kuma wata ya kusa? Ta faɗa ta gama kafin ta ji nauyin maganar. Amma abin da ke ran kowa ta faɗa.

Yaya Babba ya ce ai abin ba mai wuya ba ne. Allah ya ba Sanyi 'ya, ta girma, wa ya fi 'ya cancanta da jinyar uwa? Ta fara da uwarta hannunta ya faɗa, in ya so sauran a gani. Da aka ce masa tana jarrabawa, ya ce jarrabawa ai kowace shekara ana yi.

Sanyi ta kalle shi. Har muryar ta mahaifinsu ce. Ba ta yi fushi ba, gajiya ce ta sauko mata tun daga wuya har tafin ƙafa, irin wadda barci ba ya maganinta. A rayuwarta ba ta taɓa mayar wa Yaya Babba magana ba, ba ta ma san ta inda ake farawa ba, don haka ta faɗa a hankali, idonta a kan kofin shayi.

"Yaya, ka yi haƙuri. Yarinyar nan za ta rubuta jarrabawarta. In ba mai zama da ni, a bar aikin, duk abin da zai faru ya faru."

Matar Yaya ta sake buɗe murya. Shi kuwa ba ya son a ce a falonsa aka kasa yanke magana, sai ya waiga ya ga Auta tana gyara ɗankunne. Ya ce Auta za ta riƙe na ɗan lokaci, kafin Lauya ta ajiye biro. Auta ta tuna musu da filas, ta nuna musu farcenta, ta ce ita ko jinin kaza ta gani sai jiri ya ɗebe ta. Ba wanda ya saurare ta, don kowa ya samu mafita. Haka ta je ta ɗauki jakar, tana riƙe da ita nesa da jiki kada ta ɓata mata riga.

Aka yi aiki, aka yi sa'a. Sanyi ta farfaɗo a gadon kusa da taga, gadon da ta taɓa kwana a gindinsa lokacin jinyar wata goggo. Ta san ɗakin ciki da bai: famfon da sai an buge shi yake kawo ruwa, da tagar da ba ta rufuwa. Amma ba ta taɓa lura da silin ɗinsa ba sai yanzu, ashe akwai ƙaton tabon ruwa a kai.

Jinyar Auta kuwa sai wanda ya gani. Ta shimfiɗa tabarma a kan hanyar wucewa. Ta bar filas a buɗe ruwa ya huce. In za ta ɗaga Sanyi sai ta kama ta ta hammata ta ja, ɗinkin ya amsa har ƙwaƙwalwa. Ruwa in ta ba ta, rabi a baki rabi a wuya. Sauran masu jinya suna kallo suna girgiza kai, Sista kan zo ta gyara matashi da kanta tana tsaki. Sanyi kuwa daurewa take yi. Duk safiya abin da take tambaya shi ne wace takarda Lauya ke rubutawa yau, in an faɗa mata sai ta cije leɓe a ɗaga ta. In yarinyar ta leƙo da yamma, daga ya jiki sai kora, a je a yi karatu.

Ranar da Lauya ta rubuta takardar ƙarshe ta zo daidai lokacin dubiya, ɗaki cike. Yaya Babba yana kan kujerar da ke wurin, matarsa a bakin gado, 'ya'yansu a tsaye da ledojin lemo da ayaba. An nema wa 'yar Auta mai ciki benci. Lauya ta shigo fuska a sake, tawada a yatsa, ta ce an gama, kuma tana jin ta yi abin kirki. Sanyi ta so ta ce barka, sai tari ya sarƙe ta. Duk wanda aka taɓa yi wa aiki a ciki ya san abin da tari ke yi wa ɗinki. Ta dafe wurin, ido ya kawo ruwa, aka shiga sannu sannu, a ba ta ruwa. Auta ta ɗauko kofin ta tsaya tana neman ta inda za ta ɓullo.

Lauya ba ta yi shawara da kowa ba. Ta ajiye littattafai, ta ɗauki ƙaramin matashi ta danna a kan cikin uwar, ta ɗora mata hannu a kai. Ta zura hannun hagu ƙarƙashin wuya, ba ta ja ba, ta jira numfashi ya fita sannan ta tallafo kan a hankali. Ta karɓi kofin, ta sa bakinsa a gefen leɓe, ta karkata shi kaɗan, ta dakata, ta ƙara. Ba wanda ya koya mata. Ashe duk shekarun da ake tsayar da ita a bakin ƙofa, idonta na ciki.

Tun da aka kwantar da Sanyi ba ta sha ruwa mai daɗin wannan ba. Tarin ya kwanta, ciwon ya lafa, kanta na cikin tafin 'yarta, kuma Allah ya sani ta so ta zauna haka har rana ta faɗi. Ba a taɓa riƙe ta haka ba. Ita ce ke riƙe mutane, ba ta san haka abin yake da daɗi ba, sai yanzu ta gane dalilin da ya sa ba sa sakinta.

"Ikon Allah," in ji matar Yaya, tana taɓa hannun mijinta. "Ka ga hannun uwarta sak. Sanyi ƙarama."

Sanyi ta buɗe ido. Yaya Babba yana gyaɗa kai, irin gyaɗawar da yake yi in magana ta yanku. 'Yar Auta ta shafa cikinta tana murmushi, hankalinta ya kwanta. Ita kanta Lauya, marar wayo, fuskarta ta yi haske da yabon.

Kofin na bakinta har yanzu. Sanyi ta ɗago hannun da ke ƙarƙashin zani, kamar za ta gyara kwanciya, ta bugi gindin kofin da bayan yatsu. Ruwa ya kwarara mata a wuya da ƙirji, ya gangara har kan bandeji, kofin ya faɗi ya mirgina ƙarƙashin gadon maƙwabciya. Ta saki ƙara, kuma ba duka ce ta ƙarya ba, don zaburar da ta yi ta ja ɗinkin.

"Kashe ni za ki yi?" ta ce, da muryar da ba ta taɓa yi wa 'yarta magana da ita ba. "Wa ya sa ki? Kin kusa karya min wuya, kin shaƙe ni da ruwa, kin jiƙa min ciwo. Hannu kamar itace. Tashi min daga nan, ki je ki riƙe biron da kika iya."

"Umma, ni fa ban..."

"Na ce ki fita. Kada ki ƙara taɓa ni."

Lauya ta ja da baya. Ta kalli hannunta, ta kalli uwar. Ta kwashi littattafanta ta fita da sauri, tana goge fuska da bayan hannu. Sanyi ta bi ta da ido har ƙofa, kuma ciwon da ta ji a ƙirji ya fi na ɗinkin.

Aka kira Sista ta canza bandeji tana faɗa. Yaya Babba ya miƙe yana kaɗe riga, ya ce dama yaran yanzu sai a hankali, boko ya cinye musu hannu, gara a bar ta da takardunta. Matarsa ta ce ita ma da ta lura da kyau ta ga riƙon bai yi ba. 'Yar Auta ta daina murmushi. Kafin a sallami masu dubiya magana ta riga ta zauna a dangi: Lauya ba ta da hannu. Sanyi ta san irin wannan magana, in ta zauna ba ta tashi.

Ɗaki ya koma shiru, rana ta karkata ta shigo ta tagar da ba ta rufuwa. Sanyi na kwance a kan jiƙaƙƙen zanin gado, fuska ga bango. Ta samu abin da take so, kuma ba ta ji daɗin komai ba. Tana tunanin ko yarinyar ta samu mota, ko tana tafe a ƙasa tana kuka a titi, da kuma yaushe za ta iya gaya mata. Ƙila sai ta yi nisa, ta kama aiki, ta zauna da gindinta. Ƙila kuma ta gane da kanta, tunda abin yana cikin littafinsu.

Auta ta durƙusa ta zaro kofin daga ƙarƙashin gadon maƙwabciya, ta wanke shi, ta ja labule ta kewaye gadon Sanyi.

"Na ga hannunki, Yaya," ta ce ƙasa-ƙasa.

Sanyi ba ta juyo ba.

Sai ta ji an naɗe jiƙaƙƙen zanin ta bayanta, an tura shi ƙarƙashinta, an shimfiɗa busasshe a gurbinsa. Hannu ya shiga ƙarƙashin kafaɗarta, wani ƙarƙashin ƙugu, aka jira ta saki numfashi, aka mirgina ta a hankali, ɗinkin ko motsi bai yi ba. Aka zare tsohon zanin ta ɗaya gefen, aka ja sabon ya miƙe sumul. Dogayen farcen nan ko ƙwarzanarta ba su yi ba. Sanyi da kanta ba za ta yi fiye da haka ba.

Ta daɗe tana kallon ƙanwarta. Ta tuna filas, ta tuna tsohon cikin da ta kwana da shi a kan siminti, da jan hammatar da aka yi ta yi mata a kwanakin nan saboda idon mutane. Ta laluba ranta ko za ta samu fushi, don ya kamata a ce akwai, sai ta tarar gajiya ta cika wurin. Kuma da wane baki za ta yi faɗan, ita da ta yi amfani da dabarar yanzun nan, a gaban mai dabarar?

"Ashe kin iya," ta ce.

Auta ta sunkuyar da kai tana gyara bakin zani. "Tsoro na ji, Yaya. Na ga yadda aka yi da ke."

Sanyi ta ce ta ba ta ruwa, don rabin na ɗazu a wuya ya ƙare. Auta ta tallafo ta, ta ba ta, ko ɗigo bai zuba ba. Da ta sha ta ƙoshi, ta mayar da kai kan matashi ta rufe ido.

"Jakar nan, in an sallame ni kada ki mayar min da ita gida," ta ce. "Watan 'yarki ya kusa. Zik ɗin yana cijewa a tsakiya, sai kin ja shi baya kaɗan tukuna."